Sugan muzuruna ya ƙi sauka, in ninka masa insulin?

Wata baiwar Allah daga Tarauni ta aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Muzuruna ɗan shekara 9 ne, an tabbatar yana da ciwon suga. Da can ya kai kilo 7, yanzu ya dawo 5. An ɗora shi a kan allurar insulin mai suna Lantus, yunit 2 da safe, yunit 2 da yamma, yau kwana 10 ke nan. Ina auna shi da na'urar awon suga ta mahaifiyata kafin allurar safe, kullum sai in ga 350 ko 400. Ina ganin maganin ya yi masa kaɗan, shin in mayar da shi yunit 4? Abincinsa busasshe ne na leda, wani lokaci shinkafa da kifi. Sannan wuta ba ta zama a unguwarmu, ina tsoron ko zafi ya lalata maganin."

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Na san akwai masu ce miki "mage ce fa", to ki riƙe abin da ya inganta daga Manzon Allah (SAW) cewa akwai lada a kan kyautata wa duk wani mai rai.

Don Allah kada ki ninka. Ki bar shi a yunit 2 ɗin nan har sai kin yi awon da zan bayyana miki, kin kuma nuna wa likitan da ya rubuta maganin. Muzuru zai iya yin makonni da suga 350 yana shan ruwa yana fitsari, ba daɗi, amma yana raye. Idan kuwa suga ta faɗi ƙasa da 50 kuma babu kowa a kusa, cikin 'yan awanni za a iya rasa shi. Ninka allura saboda lambar safe gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Lambar da kike gani da safe ita ce ta lokacin da allurar jiya da yamma ta kusa ƙarewa a jikinsa. Wato kina duba shi ne daidai lokacin da sugarsa ta fi hawa a yini. Ba ita ake dubawa a ƙara magani ba. Abin da ke yanke hukunci shi ne lamba mafi ƙanƙanta da yake kaiwa tsakanin allura da allura, kuma a Lantus wannan kan zo ne a tsakiyar rana, awa 4 zuwa 8 bayan allura, wani muzurun ma ya wuce haka. Na sha ganin kyanwar da ke wayar gari da 380, amma da azahar tana 70. Irin wannan idan aka ƙara mata, an tura ta rami. Akwai ma wani abu da ke rikita mutane: idan suga ta faɗi da yawa, jiki yakan tsorata, hanta ta kwararo sugar da ta ajiye, sai lambar ta yi tsalle sama ta daɗe a can. Mai kyanwa ya ga lamba babba ya ƙara allura, alhali allurar ce ta yi yawa tun farko.

Kuma yunit 2 ga mai kilo 5 ba kaɗan ba ne a matsayin mafari. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bi ita ce rubu'in yunit zuwa rabin yunit ga kowane kilo, sau biyu a rana, shi ya sa yawancin kyanwoyi ake fara musu da yunit 1 ko 2. Jiki yana bukatar kwana 5 zuwa 7 kafin ya zauna a kan sabon ma'auni, kuma idan za a ƙara, rabin yunit ko yunit 1 ake ƙarawa, ba ninki ba.

Ga abin da nake so ki yi. Ki zaɓi ranar da kina gida tun safe har dare, kamar Asabar. Ki auna shi kafin allurar safe, ki ba shi abincinsa yadda ya saba, ki yi masa allura, sannan ki riƙa aunawa duk bayan awa 3 har zuwa allurar yamma. Idan kin yi allura ƙarfe 6:30 na safe, ke nan za ki auna 9:30, 12:30, 3:30 da 6:30. Duk lokacin da kika ga ta sauko ƙasa da 150, ki koma aunawa duk awa ɗaya har sai ta fara hawa. Ki rubuta kowace lamba da lokacinta. A gida za ki yi wannan, ba a asibiti ba, domin kyanwa dabba ce mai tsoro. Sanya ta a kwando, hayaniyar A Daidaita Sahu da warin karnuka kaɗai sun isa su harba sugarta sama da 300 ko da lafiyarta ƙalau.

Karatun lambobin ba shi da wuya. Idan mafi ƙanƙantarsu ta faɗa tsakanin 80 da 150, maganin yana aiki, a bar shi yadda yake ko da lambar safe ba ta yi miki daɗin gani ba. Idan ta sauka ƙasa da 80, ragewa za a yi. Idan kuwa yini guda ba ta taɓa saukowa ƙasa da 200 ba, kuma har yanzu yana shan ruwa kamar ba gobe, to a nan ne likitansa zai ƙara masa rabin yunit ko ɗaya, a sake jira mako guda. Burinmu ba mu mayar da shi kamar wanda bai taɓa ciwo ba a mako biyu. Muna so ne yawancin yini ya kasance ƙasa da 250 zuwa 300, domin a wajajen nan ne ƙodar kyanwa ke fara zubar da suga cikin fitsari, sugar ta ja ruwa, ƙishirwa ta biyo baya. Lambobin nan duka a kan ma'aunin suga na mg/dL suke. Idan wata na'urar ta nuna miki ƙananan lambobi irin su 8 ko 19, to tana kan mmol/L ne, sai ki ninka da 18.

Na'urar mahaifiyarki za ta yi aiki, amma ki san halinta. An gina ta ne a kan jinin mutum, wanda kaso mai yawa na sugarsa ke cikin jajayen ƙwayoyin jini, ita kuwa kyanwa kusan duk sugarta a ruwan jinin take. Saboda haka na'urar mutane takan nuna lamba ƙasa da gaskiya a jinin kyanwa. Akwai wadda aka yi don dabbobi, AlphaTrak, sai dai samun tsinkayen awon da ake ɗiga wa jini nata a Kano aiki ne. Ni ina barin mutanena da ta mutane, da sharaɗin na'ura ɗaya za a riƙe, ba yau wannan gobe waccan ba. Ki kuma ware masa nasa abin hujin, kada ya yi tarayya da na mahaifiyarki. Wanda ke da hali akwai FreeStyle Libre, ɗan faifai da ake mannawa a fata bayan an aske gashin, yana karanta suga dare da rana har kwana 14, ko da yake kyanwoyi da yawa sukan ɓamɓare shi kafin lokacin ya cika.

Ɗaukar jinin shi ne abin da ke karya wa mutane gwiwa, kuma yawanci sanyin kunne ne matsalar. Ki ɗora shi a cinyarki, ki jiƙa tsumma da ruwan ɗumi, ki matse, ki riƙe masa kunne da shi kamar minti ɗaya, sannan ki goge ya bushe. Ki haska fitilar waya ta bayan kunnen, za ki ga wata siririyar jijiya ja tana bin gefen kunnen kamar zaren ɗinki. Ki shafa man basilin kaɗan don jinin ya taru wuri ɗaya maimakon ya bi gashi, ki tokare ciki da auduga, ki huda kusa da jijiyar. Ɗigo kamar kan ashana ya isa. Ki danne wurin na 'yan daƙiƙoƙi, ki ba shi ɗan tsokar kaza. Bayan mako guda kunnen yakan saba ba da jini, shi ma muzurun yakan saba, har wani da ya ji buɗe kwalbar tsinke yake zuwa da kansa saboda naman. Lokacin hunturu kada ki yi rowar ɗumama kunnen, in ba haka ba za ki huda sau uku babu ko ɗigo.

Ina so kuma ki duba sirinjinki yau ɗin nan. Lantus mai ƙarfin 100 ne, wato yunit 100 a kowane mililita ɗaya, don haka sirinjin da aka rubuta U-100 kaɗai ake ɗibarsa da shi. Insulin na dabbobi irin su Caninsulin da ProZinc masu ƙarfin 40 ne, nasu sirinjin U-40 ne. Idan aka ɗebi Lantus da sirinjin U-40 zuwa layin 2, yunit 5 aka ba shi ba 2 ba. Yunit 1 na Lantus kashi ɗaya ne cikin ɗari na mililita, ɗigon ruwa ɗaya ya kai yunit 5. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan bai sani ba, kuma sirinjin allurar zazzaɓi ba shi da wuri a wannan aiki sam. Wanda ya fi shi ne ƙaramin nan na mililita 0.3 mai layin rabin yunit. Idan kuma da biron insulin, wato abin allurar nan mai kama da biro da maganin ke zuwa a ciki, kike yi kai tsaye, ki fara fesar da yunit 2 a iska don fitar da kumfa, bayan kin danna ki ƙirga goma kafin ki zare. Lantus garau yake kamar ruwa, ba a girgiza shi, ba a surka shi da komai. Idan ya ƙare kada wani a kemis ya ce miki Mixtard ko Insulatard duk ɗaya ne. Ga mutane magunguna ne masu kyau, amma a jikin kyanwa ba sa daɗewa, kuma canza insulin komawa farkon lissafi ne.

Wajen yin allurar, ki tattaro fatar kwiɓi ko ta gefen haƙarƙari ta tashi kamar laima, ki soka a gindinta, yau dama gobe hagu. Idan kin taɓa gashin kin ji danshi, alamar allurar ta ɓulla ta ɗaya gefen, kada ki sake yin wata. Ba ki san nawa ya shiga ba. Ki jira lokacin ta gaba.

Akwai daren da ba na mantawa. Wasu bayin Allah suka kawo min kyanwarsu wajen ƙarfe 11, a naɗe cikin zani, jikinta sanyi ƙalau, baƙin idonta ya buɗe ya cika ido, ƙafafunta na karkarwa. Na'ura ta nuna 31. Da na bi ba'asi, ashe uwar gidan ta yi mata allura bayan magariba ta tafi gidan biki, 'yarta ta dawo daga islamiyya ba ta sani ba ta sake yi. Kowaccensu kulawa ce ta sa ta. Mun samu jijiya mun ba ta gulukos, Allah ya sa da sauran kwana, kafin asuba ta ɗaga kai tana neman abinci. Tun daga ranar duk gidan da na rubuta wa insulin sai na ce a manna takarda a jikin firji, wanda ya yi allura ya sa alama nan take, kuma in da hali mutum ɗaya ya riƙe aikin.

Ki san alamomin faɗuwar suga kamar yadda kika san lambar wayarki: kasala ta farat ɗaya, tangaɗi, kallon da ba ya gani, kuka baƙo, karkarwa, a ƙarshe jijjiga da suma. Idan yana iya haɗiya, ki ba shi abinci nan take. Idan ba ya iyawa, ki lakato zuma da yatsa ki goga masa a dasashi, kada ki ɗura masa ruwa a baki don zai iya shaƙewa, sannan ki kama hanyar likita ko da ya farfaɗo, domin Lantus yana ci gaba da aiki bayan zumar ta wuce. Kwalbar zuma ta zauna kusa da kayan allurarsa koyaushe. Ƙa'idata ga sababbin hannu ita ce: in lambar kafin allura ta gaza 150, a dakata a kira likita. In tana tsakanin 150 da 200, a ba shi abinci, a jira rabin awa, a sake aunawa. In ya ƙi cin abinci gaba ɗaya ko yana amai, ba a ba shi cikakkiyar allura, kuma ranar ba ranar zama a gida ba ce. Kyanwa mai suga da ta daina ci, tana amai, ta lafe wuri ɗaya, ana tsoron gubar da ake kira kiton ta taru a jininta. Akwai tsinken awon fitsari mai nuna suga da kiton a manyan famasi, ki ajiye shi. Ki wanke ɗan tsakuwa ki zuba a tiren da yake fitsari maimakon yashi, fitsarin zai taru a ƙasa ki tsoma.

Maganar wuta. Biron da ba a buɗe ba wurinsa firji, tsakanin digiri 2 da 8, nesa da wurin ƙanƙara. Insulin da ya taɓa daskarewa ya mutu, zubarwa ake yi. Wanda aka fara amfani da shi, kamfanin ya ce yana kwana 28 matuƙar zafi bai wuce digiri 30 ba, mu kuwa a Kano daga Maris zuwa Mayu zafi yakan kai 40. Amma kada hankalinki ya tashi don an ɗauke wuta na yini guda. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janiba suka fitar a 2021 ya nuna insulin ya riƙe ƙarfinsa na mako 4 a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, irin na sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne rana kai tsaye, cikin mota, ko ɗakin kwano da la'asar. Dabararmu ta gida ta wadatar: tukunyar ƙasa ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa mai iska. Wannan ce dabarar da Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki sa biron cikin robar da ke rufuwa don kada ya jiƙe. Ta fi aiki da rani, da damina sanyinta kan ragu. Idan kin ga Lantus ya yi gurɓi ko wani abu na yawo a ciki, ki sauya. Ki kuma saya a famasin da kika ga sun ciro shi daga firji mai aiki.

Abincinsa ne nake ganin babban abin da ke riƙe da lambobin nan a sama. Kyanwa maciyar nama ce, ba a halicce ta don shinkafa, tuwo, burodi ko shayi mai madara ba, kuma yawancin busasshen abinci na leda cike yake da garin hatsi. Abin da ya dace da shi shi ne abincin gwangwani mai nama sosai, ko dafaffiyar kaza, naman sa, zuciya, ƙundu, ƙwai, dafaffen kifi jefi-jefi, hanta kuma kaɗan. Ba albasa, ba tafarnuwa, domin suna fasa jinin kyanwa, ke nan ban da romon miya, tsire da kilishi. Nama zalla na tsawon watanni ba ya ƙunshe da duk abin da ƙashi ke bukata, sai ki nemi likitansa ya haɗa miki abin ƙari. Amma ki kula sosai a nan: da zarar an janye shinkafa da busasshen abinci, bukatarsa ta insulin na iya faɗuwa cikin 'yan kwanaki. Yunit 2 da kike ganin ya yi kaɗan yau zai iya yi masa yawa mako mai zuwa. Saboda haka ki yi awon Asabar ɗin da tsohon abincinsa, sannan ki canza a hankali cikin mako guda kina aunawa da tsakar rana, kuma kada a haɗa canjin abinci da ƙarin allura a mako ɗaya. In ya yi fushi da sabon abincin, kada ki bar shi da yunwa don ya saduda. Kyanwar da ta kwana biyu ko uku ba ta ci ba, kitse kan cika mata hanta.

Ƙwayoyin suga na mahaifiyarki, shuwaka da sauran jiƙe-jiƙe ba nasa ba ne. Farasitamol kuwa kashe kyanwa yake yi. Duk wanda zai yi masa allurar ƙaiƙayi ko kumburi, ki faɗa masa yana da suga, domin deksa da danginta, da ake yin irin waɗannan allurai da su, suna hana insulin aiki, wani lokaci ma su ne ke jawo ciwon. Akwai sababbin magungunan sha na kyanwa, Bexacat da aka amince da shi a Amurka a 2022 da Senvelgo a 2023, amma ba a ba wanda aka riga aka fara wa insulin.

Dalilin da ya sa nake matsa miki a kan awo shi ne kyanwa ba kamar kare ba ce. Ciwon sugarta ya fi kama da na manyan mutane masu ƙiba, kuma idan aka shawo kansa da wuri da insulin mai daɗewa da abinci mai kyau, wasu kan kai ga daina bukatar allura, yawanci cikin watannin farko. Muzurunki sabon kamu ne, yana cikin masu wannan dama. Sai dai sauƙin ba ya sallama idan zai zo. Mai awo ne kaɗai zai ga lambobin suna saukowa mako bayan mako, ko tsinken fitsari ya daina nuna suga, ya rage allura kafin ta zama guba. Wanda ya samu sauƙin ma ciwon na iya dawowa, don haka ba ya komawa shinkafa. Idan kuwa aka kai yunit 5 ko 6 a kowace allura ba sauƙi, ba ƙari ake ci gaba da yi ba. Ana duba haƙoransa, fitsarinsa da sauran cututtukan da ke danne insulin, in ta kama a tura ku Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Ki samu littafin rubutu guda ki ware masa. Kowace rana ki sa lokacin allura, yunit nawa, abin da ya ci, da ruwan da ya sha, wanda za ki sani idan kina zuba masa da gora ɗaya kina duba ragowar da safe. Sau ɗaya a mako ki hau sikeli ke kaɗai, ki sake hawa da shi a hannu, ki rubuta bambancin. In kin ga ruwan yana raguwa, kiyashi sun daina taruwa a wurin fitsarinsa, nauyinsa ya tsaya a 5 ko ya fara ɗagawa, to maganin yana ci ko da lambar safe ba ta gama sauka ba. In kuma kin lura yana taka ƙasa da dunduniya maimakon yatsu, sugar ce ta taɓa jijiyoyin ƙafa, ki faɗa wa likitansa, yakan gyaru a hankali idan ta daidaita. Ranar Litinin ki kai masa littafin da lambobin Asabar guda biyar, tare da biron da sirinjin da kike amfani da su, ki ɗebi yunit 2 a gabansa ya gani da idonsa.